Numfashin Jitar Saja

Haƙorina ɗaya na gaba a ɓantare yake, kuma jikokina sun ɗauka dambe na yi ina saurayi. Ban taɓa gyara musu zancen ba, don nasu ya fi daɗin ji. Gaskiyar magana sukudireba ce ta ɓantare shi. Maigidan da ya koya mini gyaran keken ɗinki bai yarda da kunne kaɗai ba. In keke na wata ƙara da aka rasa inda take fitowa, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya ciji ƙotar, ya ce a taka. Ƙarar takan biyo ƙarfe ta shiga haƙori ta haye ƙoƙon kai, ka ji ta raɗau kamar a cikin kanka ake ɗinkin. Haka na koya, haka kuma na ci abinci shekara da shekaru a 'yar rumfata ta bakin kasuwar Wunti, ina gyaran keken ɗinki da keken hawa da duk wani abu mai noti.

Mu Fulani ne da shanu suka ƙare wa tun ina ƙarami, mahaifina ya tattaro mu ya shigo birni. Ko maraƙi bai bar mini ba, amma fulako kam ya bar mini shi har da gyara. Ba a kallon babba cikin ido, ba a faɗa masa abin da zai sa shi sunkuyar da kai, in yunwa za ta kashe ka a gidan mutane ka ce ka ƙoshi. Na daɗe ina alfahari da wannan gado kafin in san abin da zai jawo mini.

Shekara biyar ko shida kafin 'yancin kai na san Saja. Masinja ne a wani ofishi, ni nake gyara masa keken aiki. Mutumin kudu ne, daga can cikin duwatsun bayan Dass, Kirista, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Ya yi yaƙin Bama ya dawo da igiya uku, shi ya sa ba wanda ke kiran sa da wani suna ban da Saja. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in yana magana a rumfata masu sayar da tumatir na can ƙarshen layi suna jin sa. Ni kuwa ƙanena yake ce mini, in ya so tsokana ya ce ɗan Fulanin da ya bar nono ya kama baƙin mai.

Wata ranar Asabar da la'asar ya zo da wani abu naɗe cikin bargon soja, ya ajiye a kan bencina a hankali kamar mai sauke jinjiri. Jita ce, amma ba irin wadda ake rungumewa ba. Wannan kwantar da ita ake yi a cinya, tsirkiyoyinta shida na ƙarfe suna kallon sama. Hannun dama na kaɗawa, na hagu na jan wani abu mai santsi a kansu, sai muryar ta riƙa zamewa tana hawa tana sauka kamar kukan mace daga nesa. A Indiya ya saye ta, lokacin da suke zaman jiran jirgin ruwan da zai dawo da su gida. Da wuyan kwalba yake jan ta. Ya kaɗa mini wata waƙar garinsu, na ga mai facin taya na kusa da ni ya saki aiki ya tsaya baki buɗe.

"Ƙanena, abu biyu ne ina so ka yi ma wannan jita," in ji shi. Hausarsa ta bariki ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa da komai shi ne. "Na ji wani faifai a garmaho na wani akawu. Murya yana hawa, amma hannu bai motsa ba. Akawu ya ce ya gani a hoto, da ƙafa ne ana taka shi, kamar tela. Ka yi mini wannan."

Na ce to, na biyun fa?

"Numfashi. Wannan jita, numfashi nashi gajere ne."

Na tambaye shi mene ne kuma numfashin jita. Sai ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya rufe ido, ya shiga ƙirge da yatsa a kan benci. Amon ya tashi, ya yi ta raguwa, ya sirance. Yana kai bakwai ya ɗaga tafin hannu, alamar ya mutu. Ni ma a bakwai ɗin na daina ji. Ya ce a Indiya ya ga wani sojan Amurka da tasa, ya kaɗa sau ɗaya ta yi numfashi har goma sha biyu, shi kuwa tun ran nan bai sake samun kwanciyar rai da tasa ba. Sha biyu yake so, ba ragi.

Ni ba makaɗi ba ne, a gidanmu ma ba a ɗauki kiɗa a bakin komai ba. Amma ina da wani ciwo, ba na iya jin an ce ƙarfe ya gagara in yi barci. Na ce ya bar ta.

Akwai wani tsohon teburin keken ɗinki a bayan rumfa wanda kansa ya mutu tuntuni. A kansa na ɗaure jitar. Matakin ƙafar na raba shi biyu ya zama feda biyu. Kekunan hawa na wancan zamani da sandunan ƙarfe birkinsu ke aiki, sai na ɗebo sandunan na haɗa su daga feda zuwa wasu 'yan ƙarafa masu lilo da na kafa a gindin jitar. In ka taka, sanda ta ja, tsirkiya ta ƙara tsauri, murya ta hau. In ka saki, sifirin ya mayar da ita. Kowace sanda da notinta, shi ke yanke iyakar inda za ta ja. Kwata ɗin juyi kaɗai ya isa ya raba murya mai daɗi da kukan akuya.

A faɗe abin ba wuya, amma wata huɗu ya ci. Tsirkiya ta hau ta ƙi dawowa daidai inda ta baro, don tana maƙalewa a kan jaki, wato ɗan katakon nan da tsirkiyoyi ke hawa a kai. Na sa mata bobin ɗin keke ta riƙa gangarawa a kansa, dawowa ta gyaru, sai numfashi ya faɗi zuwa biyar. A nan na gane ka'idar abin: duk wani ƙarfe mai kwance, duk wata kusa mai wasa, shan amo take yi. Kowace dabara na ƙara don feda, sai ta ciji rabonta daga numfashin. Na koma ina bin su ɗaya bayan ɗaya da sukudireba a haƙori, ina neman ɓarayin. Na ɗaure na ɗaurewa, na naɗe sandunan da fata don kada su yi kaɗawa, na cire jakin katako na sassaƙa wani da ƙashin ƙafar sa da na karɓo wajen mahauta. Wuyan kwalbar ma na raba shi da shi, na samo masa wani guntun ƙarfe mai nauyi daga injin wata matacciyar mota, na goge shi da toka har yana ɗaukar ido.

Duk Asabar da la'asar Saja na zuwa, ya zauna, ya tuɓe takalmi, mu gwada. Ya kaɗa, ya rufe ido, yatsa na bugun tebur. Shida. Bakwai. Takwas. Ranar da ya kai tara kafin ya ɗaga hannu, tashi ya yi ya sungume ni sama a gaban mutane, ni da ko matata ba ta taɓa riƙe hannuna a waje ba. Ya aika aka sayo tsire, ya tara duk masu rumfunan layin, ya kaɗa mana har rana ta yi ja. Yana taka feda muryar na lanƙwasa, wani tsoho mai sayar da igiya ya ce lallai akwai aljani a ƙarƙashin teburin. Ban sake ganin Saja cikin farin ciki irin na wannan yammaci ba, kuma tara ɗin nan ita ce mafi yawan da ya taɓa ƙirgawa da kunnensa a rumfata.

Saura uku a kai sha biyu, sai na ce bari in yi mai gaba ɗaya. Na je wajen wani maƙerin fari ya zuba mini jaki na tagulla, na kwana uku ina goge gindinsa da magagari har ya zauna daram a jikin jitar, ko gashi ba zai ratsa ba. Kafin Saja ya zo na gwada ni kaɗai, na ƙirga sha ɗaya. Asabar ta yi, na zauna ina murmushi ina jiran a sake sungumata. Ya kaɗa, ya rufe ido. Yana kai takwas ya ɗaga hannu, alhali amon na nan yana yawo a rumfar.

"Ka ɓata shi, ƙanena. Ya koma baya."

Raina ya sosu, amma na ɗora laifin a kan hayaniyar kasuwa. Na ce mu kai ta inda ba mutane. Ranar Lahadi bayan ya taso daga coci muka ɗora teburin a amalanke muka tura har Fadaman Mada. A lokacin ba gidaje a wurin, lambuna ne da rake da hanyar shanu. Muka sauke a gindin wata tsamiya, wuri tsit. Ya kaɗa. Na bi amon da kunnena har sha biyu, sha biyun nan da yake nema tun daga Indiya. Shi kuwa tun a bakwai hannunsa ke sama, ya buɗe ido yana girgiza kai.

Ina shirin yi masa gardama ke nan sai ga wani makiyayi ya ɓullo ta bayansa da garke. Ya yi sallama, ya ce a ɗan gyara masa hanya. Ya sake faɗa da ƙarfi. Ya faɗa karo na uku. Saja na sunkuye yana duba jakin tagulla, ko gezau. Sai da wata saniya ta goge shi a kafaɗa ya zabura. Nan take na tuna yadda yake karkato mini da gefen dama in ina magana, da yadda muryarsa ke ƙara ƙarfi kowace shekara. Ashe shekara guda da rabi mun bar jaki muna dukan taiki, ko da yake mu namu jakin shi ya fi kowa shan wuya, ba laifin tsaye ba na zaune.

Ya ɗago ya ce, "Kai nawa ka ji?"

Na kalli ƙasa na ce, "Bakwai, Saja."

Ban yi shawara da zuciyata ba kafin in faɗa, bakina ne ya yi abin da aka koya masa. Ta yaya zan dubi mutumin da ya kusa haihuwata, wanda ya tsallake teku ya dawo, in ce masa kunnenka ne ke mutuwa? Muka ɗora tebur a amalanke muka turo gida, yana ta lissafa mini abubuwan da za mu sake gwadawa.

Bayan 'yan kwanaki matarsa ta biyo ta rumfata. Masa take toyawa a hanyar Yelwa, mace ce doguwa marar son magana, Mama nake ce mata. Ta ajiye mini masa a ganye, ta tsaya tana kallon jitar da ke rufe da bargo.

"Ɗan'uwa, ka gane, ko?"

Na ce na gane, Mama.

Ta ce kunnensa na hagu tun a wajen yaƙi manyan bindigogi suka kashe shi, na daman ne ke riƙe da shi, ga shi kuma shi ma ya kama hanya. Ta ce shekara biyu ke nan tana ɗaga masa murya a gida, tana haɗe fuska da gangan don ya ɗauka masifa ce ta same ta da girma, kada ya gane don ya ji ne take ihu. Maƙwabta har sun fara cewa ta raina miji. Ta gwammace a zage ta.

"Da ya dawo daga yaƙi ba mutum ba ne," in ji ta. "Sai ya wuni a zaune yana kallon bango. Wannan abin ne ya dawo mini da shi. In ya san kunne ne, zai ajiye shi, in ya ajiye shi kuma ban san wa zan samu a gida ba. Don Allah ka ci gaba da gyara."

Na yi mata alkawari, har da jin daɗi, don ta ba fulakona riga mai kyau ya sa. Yanzu ba kunya ce ta rufe mini baki ba, taimako nake yi. Haka na riƙa gaya wa kaina.

Shekara biyu da wani abu muka yi a haka. Duk Asabar ya zo, ya ƙirga, ya ɗaga hannu. Bakwai ta koma shida, shida ta koma biyar. Ni kuma in kwance wannan in ɗaura wancan, in ce bari mu ga mako mai zuwa. Da ma gyaran ƙarya nake yi da abin ya zo da sauƙi, amma hannuna bai iya ba. In na taɓa abu sai na gyara shi da gaske. Na canja tsirkiyoyi da masu kauri da wani direba ya kawo mini daga Jos, na ƙara wa cikinta katanga, na toshe duk wata kafa da amo ke zurarewa. Jitar ta kai sha uku, ta kai sha huɗu. Kai, in mota ta wuce a titi sai ka ji tana gunji ita kaɗai a ƙarƙashin bargo. Mai ita kuwa yana cewa tana mutuwa. Wani lokaci ya yi mini faɗa, ya ce na tsufa tun ban tsufa ba, ko kuwa ɗan Fulani ya fara kewar shanu. In haɗiye, in ce a yi haƙuri. Na tsani ranar Asabar a shekarun nan, tun daga Alhamis gabana ke faɗuwa.

Akwai wani abu da na lura da shi na kawar da kai. Da can in zai sauya murya yakan ɗora gefen tafinsa a kan tsirkiyoyi ya kashe ta farko kafin ya tayar da ta biyu. Yanzu ya daina, don a kunnensa sun riga sun mutu da kansu, me zai kashe? Sai murya ta hau kan murya, ta uku ta zo ta tarar da su. A rumfa ba wanda ya damu, hayaniyar kasuwa na rufe rabi, masu rumfuna kuma sun saba.

Ana nan sai maganar 'yancin kai ta cika gari. Aka shiga shafe bango da farar ƙasa, teloli ba sa ɗaga kai, ni ma kekunan ɗinki suka yi mini yawa. Akawuna da malaman makaranta suka shirya wasa da la'asar a farfajiyar kulob ɗinsu, suka ɗauko makaɗa masu ganguna da ƙaho. Wani daga cikinsu ya tuna da tsohon sojan nan mai jitar ƙafa, aka ce shi zai buɗe taro. Saja ya zo mini da labarin yana haki, ya ce Bature zai sauke tuta yana ji ana kaɗa waƙar duwatsu.

Saura mako guda ya zo gwaji na ƙarshe. Ya taka feda ya ce ba ta ja sosai, ya karɓi sifana ya ƙara wa kowane noti juyi guda cur. Na ji muryar ta wuce wurinta ta koma wani abu mai sa haƙori tsami. Da ya tafi na mayar da su. Washegari ya dawo ya duba, ya gane, ya sake juya su, ya ce kada in kuma taɓa masa. Sannan ya zauna, ya dube ni.

"Ƙanena, kai ne kunne nawa na biyu. Faɗa mini gaskiya. Aiki ya yi?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da hannunsa. Ba kowa a rumfar, daga ni sai shi. Na tuna Mama, na tuna mahaifina, na kuma ji tsoro, wannan shi ne gaskiyar da ban cika faɗa ba. Na ce, "Ya yi, Saja."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Farfajiyar ta cika maƙil, maza da kwat da manyan riguna, mata da ashobi, yara a kan katanga da 'yan tutoci kore da fari. Ni na turo teburin a amalanke na kafa shi a tsakiya. Abin da ban sani ba, an aro lasifika daga motar majigi, aka kawo bakinta aka ɗora dab da cikin jitar. Saja ya fito cikin kakinsa ya sha sitaci, lambobinsa na yaƙi a ƙirji. Ya sara wa jama'a, ya zauna, ya tuɓe takalmi ya ajiye a gefe.

Muryar farko da ya kaɗa ta fita tsab, doguwa, ta ratsa farfajiyar har wuri ya yi tsit. Na ji tsigar jikina ta tashi, na ce a raina wannan aikina ne. Sai ya kaɗa ta biyu a kanta, ta farko ba ta mutu ba. Ya kaɗa ta uku. Ya taka feda, notin da ya juya ya ja tsirkiya ta wuce iyaka. Kafin a kai tsakiyar waƙar duk tsirkiyoyi shida suna ihu lokaci guda, kowace da inda ta nufa, lasifika na ninka su tana watsawa. Shi kuma da yake ba ya jin komai sai ɗan abin da ke fita a bugun farko, sai ya ƙara ƙarfin hannu. Mai ganga ya yi ƙoƙarin bin sa, ya rasa inda zai kama, ya saki.

Da jitar nan tana nan yadda ya kawo ta daga Indiya, mai gajeren numfashi, da kowace murya ta mutu da wuri, da ya gama waƙarsa lafiya an tafa masa. Sha huɗun da na gina da hannuna ita ta tona masa asiri a gaban gari.

Yaran kan katanga suka fara, suna toshe kunne suna kukan jaki. Dariya ta bi layi ta shiga cikin manya. Saja ya ɗago ya ga haƙora a waje ko'ina, ya ɗauka murna ce, sai ya yi murmushi ya gyaɗa musu kai ya ƙara himma. Wannan murmushin har yau in na tuna shi abinci fita kaina yake yi. Ina tsaye taku biyar daga gare shi, ban motsa ba. Sai da mai gabatarwa ya zo ya dafa kafaɗarsa ya janye bakin lasifikar. Saja ya waiga yana neman dalili, idonsa ya faɗa kan Mama a cikin mata, ta rufe fuska da gefen zane. Murmushin ya tafi. Ya sa takalminsa, ya sara, ya fita ta tsakiyar mutane. Aka buga ganguna da ƙaho da sauri don a rufe abin, aka shiga rawa. Ni na tura amalanke zuwa rumfa, gari na ta sowa.

Kwana biyu bayan nan ya zo da hantsi, ba kaki, ba keke. Bai zauna ba.

"Sun ce mini ya yi kamar ana yanka alade. Shekara huɗu kana taɓa shi. Me ka yi ma jita nawa?"

Na buɗe baki in ce a yi haƙuri, za a duba, sai na ji na gaji. Ba jarumta ba ce, gajiya ce kawai. Amma ko a lokacin bakina bai iya furta kalmar ba. Na yaye bargon, na mayar da notin nan biyu wurinsu yana kallo. Na ɗauko sukudirebata, na ɗora bakinta a kan jakin tagulla, na nuna masa ƙotar.

"Ciji nan, Saja."

Ya dube ni kamar na haukace. Na ciza na nuna masa, na goge da rigata, na miƙa. Ya sunkuya ya ciza. Na kaɗa tsirkiya ɗaya.

Na ga idonsa ya buɗe. Yatsansa ya sauka kan tebur da kansa ya fara ƙirge. Ya wuce biyar. Ya wuce tara. Ya kai sha biyu, yatsan ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ni kunnena ya daina ji a sha huɗu, shi da ke ji ta ƙashi sai da ya kai sha shida kafin ya ɗaga hannu. Ya saki ƙotar ya miƙe a hankali.

"Ashe yana numfashi," in ji shi, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba. Ya kai yatsa ya taɓa kunnensa na dama, ya daɗe a haka. "Tun yaushe?"

Na matsa kusa da kunnen na ce, "Tun ranar fadama."

"Ranar da ka ce bakwai."

"Ran nan sha biyu ta yi."

Ya juya yana kallon jitar. Na so ya zage ni, ko ya ɗauke ni da mari, da na samu sauƙi. Bai ɗaga murya ba.

"Sha biyu nawa ya zo, ina zaune a wurin, ba wanda ya faɗa mini." Ya girgiza kai. "A daji, ƙanena, in mutum ya ga abu a bayanka yana yin ihu. Ko ba ya son ka yana yin ihu."

Na ce kunya ce, Saja. Ban ambaci Mama ba, wannan kaɗai na iya rufa mata. Ya ce ya sani, mutanen kirki ne mu duka. Sannan ya ce in ƙara kaɗa masa sau ɗaya. Ya sake cizawa, ya rufe ido, wannan karon bai ƙirga ba. Hawaye na bin kumatunsa suna sauka a kan ƙarfen, ya tsaya a sunkuye har bayan amon ya ƙare da daɗewa.

Na ce zan iya haɗa masa wata sanda daga jaki zuwa baki, ya riƙa kaɗawa yana ji. Ya ce shi ba doki ba ne da za a sa wa linzami a gaban mutane. Ya ɗauki bargonsa na soja ya naɗe a hammata, ya bar jitar a buɗe. Na ce ya manta kayansa. Ko bai ji ba, ko ya ji, ban sani ba, bai dai waiwayo ba.

Kafin damina ta zagayo ya ajiye aiki, suka koma garinsu cikin duwatsu. Mama ta biyo ta yi mini sallama, ta ce yana nan, yana cin abinci, yana wuni a zaune. Ba ta zarge ni ba, ni ma ban zarge ta ba, muka tsaya kowa na kallon ƙasa. Sau biyu ina aika masa gaisuwa ta hannun direbobi, amsa ba ta zo ba. Ban je ba, kullum ina cewa sai aiki ya yi sauƙi, har labarin rasuwarsa ya iske ni a rumfa.

Jitar ta daɗe a wurina tana gunji in mota ta wuce, har gara ta shiga cikinta. Sukudirebar kam tana nan a akwatina, na daina aiki da ita tun ran nan. Ƙotarta cike take da sawun haƙorana na shekaru, ƙanana, sun haɗe da juna. Nasa biyu ne kawai, a can gefe, sun fi nawa zurfi.